Tambaya da Amsa: Mun Zuba Kayan Zamani, Ɗalibai Sun Ƙi Zuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciya ce a laburaren wata jami'a, shekarata biyu da fara aiki. An zuba mana kwamfutoci, ana biyan kuɗin rumbunan mujallun bincike na intanet, mun buɗe shafi a Facebook, amma ɗalibai ba sa waiwayar ko ɗaya. Manyanmu sun ce yaran yanzu ne ba sa son karatu. Ni dai hankalina bai kwanta da wannan magana ba. Anya kuwa mun san abin da suke so?
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Hankalinki ya yi daidai da bai kwanta ba. Na daɗe a wannan aiki, kuma abin da na gani shi ne, mu ma'aikatan laburare mukan zauna a ofis mu ƙiyasta abin da ɗalibi yake so, mu kashe kuɗi a kan ƙiyasin, in bai zo ba kuma mu ɗora masa laifi.

Ni ma na taɓa faɗawa ciki. A wata jami'a da na yi aiki, mun shirya ɗakin kwamfuta mai kyau, kujeru a jere. Wata rana da yamma ina zagayawa tsakanin kantocin littattafai, sai na tarar da ɗalibai huɗu zaune a ƙasa, a wani lungu da babu ko fanka. Soket ɗaya ne a wurin, suna karɓa-karɓa da shi wajen cajin waya. Ɗaya ta buɗe wani ƙaton littafi a cinyarta tana ɗaukar hoton shafukansa ɗaya bayan ɗaya, tana turawa 'yan ajinsu ta WhatsApp. Na tambaye su me ya hana su shiga ɗakin kwamfuta. Suka ce a can an hana magana, su kuma aikin rukuni aka ba su, kuma duk abin da suka sauke a kwamfutar laburare a nan yake zama, ba ya bin su ɗakin kwana. Karatu suke yi ba ji ba gani, mu ne ba mu ga inda suke yinsa ba.

Wannan matsala ba taku ba ce ku kaɗai. Laburaren Jami'ar Rochester a Amurka ya ɗauki masaniyar halayyar al'umma, Nancy Foster, don ta binciki yadda ɗalibai suke rubuta aikin da aka ba su, aka wallafa sakamakon a 2007. Sun ba ɗalibai kyamara su ɗauko hoton wuraren karatunsu, sun ba su taswira su zana duk inda suka taka a yini. Sai ga shi da yawansu iyayensu suke tuntuɓa kan aikin makaranta, kuma cikin dare suke rubutu, lokacin da masu taimaka musu a laburare sun tashi. Dole aka gwada zaunar da ma'aikata har cikin dare a lokacin da ayyuka suka yi wa ɗalibai yawa.

Akwai kuskure biyu da nake so ki kiyaye. Na farko, ɗauka cewa duk matashi ya fi son allo a kan takarda. Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda ya tambayi ɗalibai sama da 10,000 a ƙasashe 21, ya gano kusan kashi 78 cikin 100 sun fi son takarda in karatun na makaranta ne. Sukan nemo abu a waya, amma in za su haddace ko su ja layi, takarda suke so. Don haka injin buga takarda mai aiki yana iya fin sabon allo amfani a wurinsu.

Na biyun ya fi damuna. Tun da Marc Prensky, wani marubuci Ba'amurke kan harkar ilimi, ya yaɗa maganar nan a 2001 cewa yaran zamani a cikin fasaha aka haife su, muka ɗauka duk wanda yatsunsa ke gudu a waya ya iya bincike. Ba haka ba ne. Ɗalibi zai rubuta tambayarsa cikakkiya a Google, ya ɗauki abin da ya fito a sama, shi ke nan. Bai san Google Scholar da ke nemo maƙalolin bincike ba, bai san shafin DOAJ da ke tattara mujallu na kyauta tun 2003 ba, bai san manhajar Zotero za ta iya jera masa manazarta ba. Kuma kunya ba za ta bar shi ya tambaye ki ba, don yana ganin aikinki jera littattafai ne kawai.

Maganar Facebook kuwa, kada ta dame ki. Wurin hirarsu ne, ba lallai su so ganin laburare a can ba.

Ga abin da nake so ki yi a wannan zangon. Ki ɗauki wayarki, ki cire ta daga intanet ɗin ofis, ki gwada neman maƙala ɗaya a shafin laburarenku kamar yadda ɗalibi zai yi. Ki ƙirga sau nawa kika latsa, sau nawa aka nemi kalmar sirri, kuma ko rubutun yana karantuwa a ƙaramin allo. Sannan ki samu ɗalibai goma daga sassa daban-daban, har da waɗanda ba su taɓa shigowa ba, domin masu cike takardar tambayoyi a bakin ƙofa su ne dama masu zuwa. Kada ki ce musu "me kuke so?", za su faɗa miki abin da suke zaton kina son ji. Ki ce, "Nuna min yadda ka nemo bayanan aikinka na ƙarshe." Ki zauna gefe, ki yi shiru, ki rubuta. Abin da kika rubuta shi za ki kai wa manyanki, cikin ladabi, kafin a zauna kasafin kuɗin shekara mai zuwa.