Gidan haya na magada ne, takardar kuma da sunan marigayi: in biya ko in janye?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ma'aikaciyar jinya ce da na yi ritaya a Kano, na haɗa giratutina da kuɗin filin da na sayar na samu miliyan 30. Dillali ya kai ni wani gida a Rijiyar Zaki mai sashe huɗu, kowane sashe ana biyan dubu 500 a shekara, an yi mini kuɗi miliyan 38. Gidan na magada ne, babban ɗan ne ke sayarwa, ya nuna mini asalin C of O (takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati) da sunan mahaifinsu da ya rasu, ya ce da na biya zai miƙa mini a gaban mai unguwa. Sun ce in ban ba da kafin alƙalami ba kafin Juma'a akwai mai saye. Ina tunanin cin bashin banki in cike miliyan 8 ɗin. Wallahi bacci ya gagare ni, wannan kuɗin shi ne ƙarfina gaba ɗaya.

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya. Don Allah kar ki ba da ko sisi kafin Juma'ar nan, in da gaske akwai mai saye to ya saya, Allah ya sa masa albarka.

Bari in fara da bashin tunda shi lissafinsa gajere ne. Hayar gidan gaba ɗaya miliyan 2 ce a shekara, shi ma sai in kowa ya biya a kan lokaci, ba sashen da ya zauna ba kowa, ba rufin da ya yi yoyo, ba sokawe da ta cika. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ba mutane, to ki ɗauka kashi 30 ne, ruwan miliyan 8 kaɗai ya kai miliyan 2 da dubu 400 a shekara, kin ga ya cinye hayar duka har kin ciko daga fansho, uwar kuɗin kuma tana nan ba a taɓa ta ba. Ga kuma maganar riba wadda kin fi ni sanin hukuncinta. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa irin Jaiz da TAJ suna da tsarin murabaha (su saya su sayar miki da riba) da ijara (su saya su ba ki haya), amma su ma ribarsu ba kaɗan ba ce, kuma ba za su sa kuɗinsu a gidan da takardunsa suke yadda kika faɗa ba.

To ga inda hankalina ya fi tashi, don kusan kullum sai an shigo mini ofis da irin wannan. Mutanenmu sun ɗauka duk wanda asalin C of O take hannunsa shi ne mai gida, kamar dai kuɗin takarda, wanda ya riƙe shi ke da shi. Ba haka ba ne Hajiya, ko kusa. Ki ajiye takardar nan a ƙasan akwatinki shekara ashirin, a rajistar gwamnati gidan na marigayin ne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, abin da C of O ke ba mutum shi ne haƙƙin zama, yawanci na shekara 99, kuma sashe na 22 ya ce ba a mayar da wannan haƙƙin ga wani ba tare da sahalewar gwamna ba. Ma'ana sai lauya ya rubuta takardar mayar da mallaka, an nemi sahalewar, an biya kuɗin hatimi, an yi rajista, sannan sunanki ya shiga. Sa hannun mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, muna girmama ta kuma tana da amfani a kotu, amma ba ta canza suna a ma'aikatar ƙasa.

Na san abin da dillalin zai ce miki, "Hajiya ai haka kowa ke yi, lauyoyi kuɗi kawai suke nema." Shi la'adarsa yake jira, ranar da aka biya ya gama da ke, ranar da sammaci zai zo wayarsa a kashe za ki same ta. Kuma abin da ke ba ni haushi su ne ke yaɗa wa mutane cewa zuwa KANGIS, wato hukumar rajistar filaye ta jihar Kano, tona wa kai asiri ne wai za a ɗora maka haraji. Eh akwai kuɗin ƙasa, eh fayil yana daɗewa, ni kaina na sha zarya a kan fayil ɗaya har na gaji, amma a can ne kaɗai za ki san ko takardar ta gaske ce, ko an jinginar da gidan ga banki, ko akwai wanda ya shigar da ƙorafi a kansa, ko ma an soke ta tun tuni.

Sai maganar gado, wadda ta fi duka nauyi. Babban ɗa ba shi ne mai gida ba, rabonsa kawai yake da shi. In marigayin ya bar mata suna da tumuninsu, 'ya'ya mata suna da nasu, in iyayensa na raye su ma magada ne, in kuma akwai ƙananan yara to dukiyar marayu ce ba a sayar da ita sai da izinin alƙali. Na ga gidan da aka saya aka yi wa fenti aka zuba 'yan haya, bayan shekara huɗu wata 'yar marigayin da ke aure a wani gari ta zo ta ce ba ta san an sayar ba, kuma gaskiyarta ce, yayan nata ya riga ya kashe kuɗin, mai sayen ya koma yawon kotu da furfurarsa. A mazhabar Malikiyya ma akwai haƙƙin shuf'a, wato in gida na tarayya ne ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa, sauran suna iya mayar miki da kuɗinki su karɓe. Kuma ko ba kotu, wa ke son ya ci hayar gidan da haƙƙin marainiya ke ciki, ya ciyar da jikokinsa da ita?

Abin da za ki nema daga wurin babban ɗan shi ne takardar rabon gado daga kotun shari'a wadda ta lissafo magada kaf kuma ta nuna an amince a sayar, ko takardar ikon kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu. Kowane magaji baligi ya sa hannu da kansa a gaban lauyanki, ba lauyan da dillali ya kawo ba. Ki karɓi kwafin C of O a kai KANGIS a bincika. Ki je ki zauna da 'yan hayar su nuna miki rasit, don wani lokacin an riga an karɓi hayar shekara biyu gaba, kuma ki sani ɗan hayar shekara ba a tashinsa rana tsaka, notis ɗin wata shida ne bisa al'adar doka in ba wata yarjejeniya a rubuce. Biya kuma ta banki, ba tsabar kuɗi a leda ba.

In ya kawo takardun, a zauna a sake ciniki a kan miliyan 30 ɗin da ke hannunki, ki kuma ware wani abu daga ciki na rajista da gyara. In ya fara cewa "ai ƙannena ba su da matsala, ni ne uba yanzu", to ki ce masa ya kawo su ofishin lauya ranar Litinin su faɗa da bakinsu.