Amsar tambayar Sakatare kan ziyarar bakin ruwa a hutun Disamba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida Shugaba da iyayen ƙungiya da sauran 'yan'uwa. Malam Sakatare, ƙanena, na kalli hoton bidiyon da ka turo na waɗansu Turawa cikin jirgin roba, ruwa yana wurgi da su a tsakanin duwatsu, na kuma ji tambayarka, wato ko za mu iya kai ɗalibanmu su yi irin wannan a Tiga idan hutun Disamba ya zo, idan kuma ba zai yiwu ba, ina ya kamata a kai su.

Amsa ta farko ita ce ba zai yiwu ba, domin ruwan Tiga kwantacce ne. Madatsa ce da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka tare Kogin Kano don noman rani da ruwan sha, shi kuwa wancan wasan sai a kogi mai gangara da gudu. Inda ya fi shahara a nahiyarmu shi ne Kogin Zambezi, a kwazazzabon Batoka da ke ƙasan matsirgar Biktoriya, kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe. Ruwan yana faɗowa ne daga tsayin da ya kai mita 108, mutanen wurin kuma suna kiransa da sunan da ke nufin hayaƙi mai tsawa. A Amurka ma ana yi a Kogin Kolorado, cikin Girand Kanyon, kwazazzabon da tsawonsa ya kai kilomita 446. Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne shirin da ke bayan wasan. An kasa haɗarin ruwa mataki 6, kowane jirgi yana da jagoran da ya san kowane dutse na hanyar, kowa yana sanye da rigar ruwa da hular kwano, kuma a Zambezi an fi yi ne daga Agusta zuwa Disamba lokacin da ruwa ya ja, idan kogin ya cika maƙil kuwa akan dakatar. Ina roƙon kada wani yaro ya ga wannan ya ɗauki robar taya ya nufi rafi.

Abin da nake so ƙungiya ta lura da shi shi ne kowane ruwa da lokacinsa. Na taɓa yin tattaki zuwa matsirgar Gurara a Jihar Neja cikin bazara, na tarar da duwatsu a fili, ruwa yana zirara siriri, sai wani mazaunin wurin ya ce da ni in dawo a ƙarshen damina idan ruwan nake son gani. Haka abin yake ga Matsirga ta kusa da Kafanchan, da Farin Ruwa ta Jihar Nasarawa, da tamu ta Zainabi a ƙasar Riruwai. Waɗannan na Satumba da Oktoba ne, kuma ko a lokacin daga nesa ake kallonsu, domin dutsen da gansakuka ta lulluɓe ya fi sabulu santsi. A Disamba ƙarfinsu ya ragu, ga nisa, ga kuɗin mota.

Wurin da Disamba ta dace da shi, a ganina, shi ne Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta Jihar Jigawa. Ruwan Tiga ɗin nan da muke ban ruwa da shi, idan ya haɗu da na Kogin Calawa kafin Wudil, shi ne yake zama Kogin Haɗeja, ya bazu cikin fadamu da tafkuna har zuwa Nguru. Da sanyin hunturu tsuntsaye suna tasowa daga ƙasashen Turai, su ƙetare hamada su sauka a can, su tarar da na gida irin su ɗinya da kirinjijiya da balbela. Saboda wannan ne aka sa wurin cikin jerin fadamun da duniya ta amince a kiyaye a 2008. Yaron da ya tsaya a bakin wannan ruwa da sassafe, ya ga sama ta yi duhu da tsuntsaye, malaminsa kuma ya gaya masa cewa ruwan nan ta bayan garinsu ya wuce, ya sami darasin da allo ba zai ba shi ba. Zai kuma ga kacala, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa ta hana masunta da manoman can sakat, ya fahimci cewa yadda ake sakin ruwa daga sama yana shafar waɗanda ke ƙasa.

Idan asusu bai kai ba, Tiga da Bagauda suna kusa, sai a je da yini guda a ga madatsa da babbar hanyar ruwan da ke zuwa gonakin Kadawa.

Sai maganar jirgi, wadda ita ce ta sa na tsawaita. Babu wanda ya manta da jirgin da ya kife a ruwan Bagwai a watan Nuwamba na 2021, ɗauke da ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi, aka rasa rayuka fiye da 20, Allah ya jiƙansu. Don haka duk inda aka zaɓa, a fara zuwa gaida mai gari, ya haɗa mu da sarkin ruwa, shi ne zai zaɓa mana mai fito. Kada yaro ya hau kwale-kwale sai da rigar ruwa, a shiga kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda mai jirgi ya faɗa, a kuma fito kafin la'asar sakaliya. Wanka a cikin tafki a hana shi ɗungurungum, ba don nutsewa kawai ba, har da tsargiya, wadda ake ɗauka a kwantaccen ruwa mai dodon koɗi.

Malam Sakatare, ka fara binciko mana kuɗin hayar riguna da na mota zuwa Haɗeja, ka kuma shirya takardar neman yardar iyaye, mu duba su a zamanmu na ranar Asabar in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.