Idan aka hana bulala, yara ba za su kangare ba?

Ɗan'uwa, ka ce kana tsoron in an hana dukan yara za su fi ƙarfin iyayensu. Na fahimci damuwarka, amma ban yarda ba.

Suwidin ce ta fara haramta dukan yara har a cikin gida, tun 1979. Togo ta bi sahu a 2007, Jamhuriyar Benin kuma a 2015. Dokar ba ta hana tsawatarwa ba, dukan kawai ta hana.

Ni da dorina na yi karatun allo. Haddar da na yi don tsoro ta zube, sai wadda mahaifiyata ta biya mini da lallami ce ta zauna. Ɗana in ya yi laifi, hana shi fita ƙwallo nake yi, kuma wallahi ya fi jin wannan.