Ɗamarar wuyan hannu ba ta saki da murza

Ɗana, jiya bayan matar nan mai ɗinki ta fita ka ce da ni: "Malam, tunda matsi ne ke kashe mata yatsu, me zai hana mu riƙa murza wuyan hannun da ƙarfi kullum har ɗamarar ta saki?" Na ce ka bari a tashi aiki tukuna. To, ga amsarka.

Miƙo hannunka, tafin yana kallon sama. A wuyan hannun nan akwai ƙananan ƙasusuwa 8, jeri biyu, kuma ba a shimfiɗe suke ba, lanƙwashe suke kamar baka. Ɗamarar da kake magana, wato faffaɗar igiya mai tauri da ke ƙarƙashin fatar wurin, ita ce tsirkiyar bakan. Ta kama ƙasusuwa biyu ta gefen babban yatsa, biyu ta gefen ƙarami, ta rufe sararin ya zama kwararo. Ta cikin wannan kwararo agara 9 masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, ta goma kuwa jijiyar ji ce, wadda likitoci ke kira midiyan. A cikin su goman ita ce mai laushi, kuma ita ke kwance dab da ɗamarar. In wuri ya ƙure, ita ke fara shan wuya.

Kaurin ɗamarar 'yan milimitoci ne kawai, amma kada wannan ya ruɗe ka. Zarurrukanta galibi a gicciye suke, daga gefe zuwa gefe, an yi su ne don su ƙi miƙewa. Duk sanda ka damƙi guduma, agarar nan na neman tasowa gaba, ɗamarar ce ke danne su a hanya. Naman gindin babban yatsa da na ƙarami ma a jikinta suka samo tushe. Abin da ya shekara arba'in yana jure wannan ja, kai ne za ka sassauta shi da yatsanka a minti goma? Abin da za ka yi kawai shi ne ka danne jijiyar da ke ƙarƙashi, ka ƙara mata azaba. Mu ma a ɗakin nan da danna wurin muke gwaji, mu ga ko mijirya za ta tashi. Ka ga ashe abin da ke tayar da ciwo kake shirin mayarwa magani.

Tunda rufin ba ya miƙewa, aikinmu na kan abin da ke ciki da kuma yadda hannun ke zaune. A 1981 Gelberman da abokan aikinsa a Amurka suka zura siririn bututu cikin kwararon suka auna matsin, da irin ma'aunin da ake faɗin hawan jini. Mai lafiya, hannu a miƙe, 2.5. Mai ciwon, 32. Da mai ciwon ya lanƙwasa wuyan hannu gaba sai ya kai 94, da ya mayar baya 110. Riƙe wannan na ƙarshe da kyau. Takalmin hannu, wato maɗaurin da ke hana wuyan hannu lanƙwashewa, da yawa na kasuwa suna zuwa da ƙarfen ciki a ɗage, yana tura hannun baya. Ni ba na ba kowa irinsa sai na zaro ƙarfen na miƙar da shi. Kuma da dare ake sa shi, don a barci ne mutum ke naɗe hannu ƙarƙashin kai bai sani ba, shi ya sa suke farkawa tsakar dare suna yarfe hannu.

Kafin takalmi ma, tabbatar da ciwon. Tambayi waɗanne yatsu ne: babba, manuni, na tsakiya da rabin na zobe. In ƙaramin yatsa ne ya mutu, wata jijiya ce daban, ba ta bi ta kwararon ba, sai ka duba gwiwar hannu ko wuya. Sa ta lanƙwasa hannun gaba na daƙiƙa 60 ka ga ko mijirya za ta tashi, gwajin da ke ɗauke da sunan Phalen, wani likita na birnin Kilibland a Amurka. Sannan ka tambayi juna biyu, ciwon suga da matsalar maƙoƙo. Mai ciki sau da yawa haihuwa ce maganinta, takalmi ya ishe ta kafin nan.

In takalmi da sauya yadda ake aiki ba su yi ba, likita na iya yin allurar rage kumburi, ko da yake ciwon kan dawo. Daga nan sai tiyata, inda ake tsaga ɗamarar gaba ɗaya. Na san za ka ce hannun ba zai warwatse ba? Ba zai yi ba, don akwai wasu igiyoyin masu ƙarfi tsakanin ƙasusuwan su kansu. Bakin tsagar ya buɗe, tabo ya cike gibin, rufin ya koma da faɗi. Amma ba kyauta ba ne. Damƙa kan yi rauni na wasu watanni, gefunan gindin tafin su yi ta ciwo in an dafa ƙasa. Ina da ƙuruciya na taɓa ce wa wani kafinta zai koma aiki a mako biyu. Ya yi wata uku kafin ya riƙe zarto yadda yake so, kuma duk zuwansa sai ya tuna mini. Tun daga ranar na daina yanka wa'adi.

Gobe in mai ɗinkin nan ta dawo, jera hannayenta biyu ka dubi tudun naman gindin babban yatsa, don jijiyar nan ce ke motsa shi. Ni na ga kamar na dama ya fara lotsawa. In kai ma ka gani, kada ka riƙe ta a nan da gashi da motsa jiki, rubuta mata takarda zuwa wurin likitan tiyata a ranar, don naman da ya shanye ba kullum yake dawowa ba. Ka kuma karɓi takalmin da ta sayo ka kawo mini in duba ƙarfensa.