Kafin ka saya mata jant, ka gyara mata ruwa

*An rubuta wannan muryar ne saboda 'yan group da datarsu ba ta buɗe dogon saƙo. Amsa ce ga ɗan'uwanmu na Yelwa, a nan Garwa ta Kamaru, da ya hauro da tsohuwar BMW daga Duwala.*

Assalamu alaikum jama'ar group. Ina wuninku, ya zafi? Ƙanena, na ji muryarka tun da hantsi, hannuna duk baƙin mai ne shi ya sa ban taɓa waya ba sai yanzu. Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare, ya sa a kashe lafiya. Na ga hoton, 328i ce mai ƙofa biyu, ta 1996, wadda ake ce wa E36. Mota ce, ba ƙarya.

Abu uku na ji ka lissafa. Ka ce allurar zafi tana ɗan wuce tsakiya idan ka shiga cunkoson babbar kasuwa. Ka ce da safe tana rawa kafin ta ɗumama. Ka ce akwai wani "gum-gum" a baya idan ka faɗa rami. Sannan a ƙarshe, da murya ƙasa-ƙasa, ka tambayi inda ake samun jant, wato rim ɗin taya, masu kyau da salansa mai ƙara. Wai kuma wani ya ce ka cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya idan injin ya yi zafi, a huta.

To, maganar jant da salansa ka ninke ta ka sa a aljihu. Kuɗin da ka ware musu, na ruwa ne. Motar nan shekararta talatin ko kusa da haka, kuma abin da ke kashe irinta a garin nan guda ɗaya ne, zafi. Injin ɗin kansa jarumi ne, silinda shida a jere, lita 2.8, M52 ake kiransa, kuma sarƙa yake amfani da ita, babu ruwanka da fargabar tsinkewar bel ɗin taimin. Amma Bajamushe ya kewaye shi da roba. Wuyan radiyata roba. 'Yan'uwanmu na Mubi da Yola, lagireto nake nufi. Tankin ruwan da ke manne da shi roba. Gidan tamostat roba. Har farfelar da ke cikin famfon ruwa, a da yawa daga cikinsu roba ce. Robar da ta sha zafi shekara da shekaru kuwa, ka san yadda bokitin da aka manta a rana yake, kana taɓawa sai ya dare. Sai ka haɗa da Maris da Afrilun Garwa, inda zafi ke haura digiri 40 tun kafin ka tada mota.

Kuma ka san wani abu game da allurar nan. An yi ta ne ta zauna daram a tsakiya ko da zafin na ɗan hawa da sauka, don kada direba ya riƙa tsorata. Saboda haka ranar da ka ga ta motsa ta wuce tsakiya, ba yanzu zafin ya fara ba, ya riga ya yi nisa. Abin da kake kira "ɗan wucewa" ni a wajena kururuwa ce.

Bari in ba ka labari. Shekarun baya wani Alhaji da nake wa aiki ya ba yaronsa irin wannan motar ya kai saƙo Ngaundere. Sun wuce Mbe, sun kama hawan dutsen nan na falez, allura ta tashi. Yaro ya ce bari in ƙarasa sama in tsaya, ai saura kaɗan. Bai ƙarasa ba. Da aka ɗauko ta a bayan babbar mota aka sauke min, na buɗe murfin baƙin mai, sai ga shi kamar shayi da madara. Kulas, wato kan injin, ta lanƙwashe. Muka kai aka goge, muka sayi sabon juwan, wato gasket, muka zo ɗaurewa, sai kusoshi suka riƙa juyawa a banza, zaren da ke jikin bulok ya zame, don bulok ɗin na alminiyom ne kuma ya dahu. Ka san abin da ya jawo duk wannan? Na ciro famfon ruwa, farfelar ta rabe biyu, rabi ya zauna a tafin hannuna kamar ɓawon gyaɗa. Abin da bai kai kuɗin taya ɗaya ba ya ci injin sukutum.

Saboda haka idan allura ta wuce tsakiya, ka kashe AC, ka buɗe hita har ƙarshe, i, a wannan zafin, gara kai ka yi gumi. Ka gangara gefe ka kashe mota. Kada ka buɗe murfin ruwa da zafi, zai wanke maka fuska. Kuma don Allah kada ka bari masu taimako su sheƙa wa injin ruwan sanyi.

Tunda taka a cunkoso take yi, idan ka samu hanya kuma ta sauko, na fi zargin iska ce ba ta ratsa radiyata. Fankar gaban injin tana da wani kulochi mai mai a ciki, idan ya mutu za ka ga fanka na juyawa amma ba ta jan komai. Idan mota ta yi zafi, ka kashe ta, ka cire makulli, ka tura fankar da hannu. Idan ta yi ta wulwulawa kamar fankar yara, ta gama aiki. Wanda zai kwance ta ya sani, sifana 32 ce, kuma zarenta na hagu ne. Na sha ganin yara suna ɗaurewa suna zaton kwancewa suke. Akwai kuma fanka ta lantarki a can gaba, kunna AC ka leƙa ka ga ko tana tashi. Sannan a raba radiyata da na AC a duba tsakaninsu. Abin da nake cirowa a wurin nan, ƙura, leda, gashin kaza, da audugar da ke tashi daga manyan motoci lokacin kaka, wallahi ya isa a yi matashi.

Amma ni shawarata kada ka tsaya bin su ɗaya-ɗaya. Ba ka san tarihin motar ba, mai ita na Turai bai bar maka wasiyya ba. Ka canza su gaba ɗaya rana ɗaya: famfon ruwa, tamostat da gidansa, radiyata da murfinsa, tiyo na sama da na ƙasa, bel, da kulochin fanka in ya mutu. Kuma waɗannan sababbi za ka saya. Kayan kas, wato na gwanjo, suna da ranarsu, ƙofa, fitila, madubi, har giya. Amma tsohuwar roba ka cire ka sa wata tsohuwar roba, me ka yi? A nan ba kasafai za ka samu ba, sai ka aika Duwala wajen 'yan Kam Yabasi, ko Kano a Ƙofar Ruwa. Ka tura musu lambar shasi da hoton abin, kada ka ce "na BM" kawai, su aiko maka da na wata.

Maganar cire tamostat kuwa, a'a. Na san al'adarmu ce, mota na sauka daga jirgi a cire a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Motar nan kwamfuta ke auna mata mai, tana duba zafin injin. Idan injin bai kai zafin aikinsa ba, sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta tura mai, buji, wato fulogi, su yi baƙi, aljihunka ya yi fari. Kuma ainihin ciwon yana nan, ka dai rufe masa baki ne.

Ruwan da za ka zuba ma abin magana ne. Ban da ruwan rijiya, ban da na famfo. Leƙa cikin butar mai shayi ka ga farin dutsen da ke manne, shi ne zai toshe maka ƙananan hanyoyin radiyata. Rabi ruwan kulan, rabi tataccen ruwa irin na batir. Mutane na cewa ai ba ƙanƙara a Garwa, me za a yi da shi. Ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa da cin alminiyom, yana kuma ɗaga zafin da ruwa ke tafasa. Bayan an zuba, dole a fitar da iska. Akwai ɗan sukurun roba kusa da murfin, a buɗe hita, a sassauta shi, a yi ta zubawa a hankali har kumfa ta daina fita. A ɗaure shi da tausayi, roba ne shi ma. Wanda bai yi wannan ba, zai sa kaya sababbi fil mota ta ci gaba da zafi, ya ce aljanu ne.

Ku yi haƙuri, an kira ni, muryar ta yanke. Ina muka tsaya? Yawwa, rawar safe.

Wannan a fara da mai araha. Babban tiyon iska da ke tsakanin filta da injin yana tsagewa a cikin lanƙwasarsa, sai ka matsa da hannu kake gani. Sai buji shida, kowanne da kwayil ɗinsa a kai. Ka ciro kwayil, in ka ga baƙin mai ya taru a ramin, gasket ɗin murfin sama ne ke yoyo. Filtar iska kuma, da hunturu ƙurar nan kafin wata biyu ta cika ta. Idan kana jin wani kar-kar a gaban injin kamar tsakuwa a gwangwani, VANOS ne, abin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, yana rage mata ƙarfi amma ba ya kwantar da mota yau.

Sai dai akwai wanda nake so a gwada don hankalinmu ya kwanta. M52 na farko-farko da aka sayar a Turai, kafin 1998, ba su da hannun riga na ƙarfe a cikin silinda, wani shafi ne ake kira Nikasil. Fetur mai yawan sulfa yana cinye shafin nan, kuma alamarsa ta farko ita ce wannan rawar da wuyar tashi da safe. Taka ta 1996 ce, ta faɗa cikin shekarun. Ban ce shi ne ba. A auna kompireshan na silinda shidan, minti ashirin ne, in sun yi kusa da juna shi ke nan, ka yi barcinka.

Wannan ya kawo mu kan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin hanya da ake shigowa da shi daga Najeriya. Na sani, na sani, tun da lita ta koma sefa 840 a gidan mai a Fabrairun 2024 kowa na kallon kwalba. Ko da yake ita ma kwalbar ta daina araha irin ta da tun da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023. Babur zai sha ya wuce, tsohuwar Starlet za ta sha ta gode. Wannan ba za ta yafe ba. Abin da ya kwana a jarka a rana, aka tace da tsumma, wani ma an sirka shi, zai kashe maka famfon mai da ke ƙarƙashin kujerar baya, ya toshe injekta. Ka sha a gidan mai, ka canza filtar mai da ke ƙarƙashin mota tun yanzu, kuma kada ka riƙa yawo da fitilar ƙarewar mai a kunne, fetur ɗin ne ke sanyaya famfon.

Gum-gum na baya ba ya tayar min da hankali. Yawanci robar kan amortisa ce, shokozoba, ana ganinta ta cikin but idan an ɗaga kafet, ko bushin hannun baya. In kuma lokacin canza giya kake jin bugun a ƙarƙashinka, robar farfela ce, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya. Tunda ka buɗe but, batir ɗinka yana nan a gefen dama, kada ka je kana nemansa a gaba yara su yi maka dariya.

Vidanj kuma, wato canjin baƙin mai, lita shida da rabi take sha, 10W-40 ko 15W-40 na kirki mai hatimi, duk kilomita 5,000 saboda ƙurarmu. Koren fitilun sabis na dashbod ba su san hunturu ba. Man burki DOT 4, duk shekara biyu. Taya ka duba lamba huɗun nan na gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta tsufa ko zanenta na nan kamar sabo, a kwaltar Marwa da azahar fashewa take. Kuma motar da baya take turawa, ruwan farko na damina idan ka taka ta a kwana, gindinta zai riga ka juyawa. Ga ta ƙasa-ƙasa, kaskon baƙin manta na alminiyom ne, ba ya lotsawa, fashewa yake. Ka bi bamp a karkace, a hankali. Makullinta ma akwai ƙwaya a ciki da motar ke ganewa, wanda aka yanka a kasuwa zai buɗe ƙofa amma ba zai tada ta ba, don haka in ɗaya aka ba ka, ka riƙe shi kamar katin ɗan ƙasa.

Daga yau zuwa Asabar ka ajiye ta, ka hau babur. Asabar bayan sallar asuba ka kawo ta gareji tun gari da sanyi, ka biyo ta hanyar da babu cunkoso, idonka a kan allura. Kuma kada ka kai ta wanki, musamman injin. Farin busasshen tabon da ruwa ya bari, da jiƙar mai, su nake so in gani da idona. Ka taho da duk takardar da ka samu a cikin akwatin dashbod, ko da Jamusanci ne. Sai ka zo, a gaida mutanen gida.