Taswirar hanyoyin Rumawa: a ina garuruwan da ke cikinta suke yau?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Na ga hoton wata doguwar taswira ta tsoffin Rumawa, cike da sunayen garuruwa da sansanonin soja, amma ko kusa ba ta yi kama da taswirar da muka sani ba. Shin abin dogaro ce? Ta yaya ake gane inda waɗannan garuruwa suke yanzu? Kuma akwai ƙasarmu a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wadda ka gani ita ce taswirar Peutinger, tana ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar Ostiriya a birnin Vienna. Fata ce da aka harhaɗa, tsawonta kusan mita 7, faɗinta kuwa santimita 34 kacal. Wadda ke hannu kwafi ce ta wajen ƙarni na 13, an kwafo ta daga wata ta ƙarni na 4 ko na 5. Sunan ya samo asali daga Konrad Peutinger, mutumin Augsburg, wanda wani abokinsa ya bar masa ita a wasiyya a 1508. Yanki 11 suka rage. Na can yamma, mai ɗauke da Sifen da mafi yawan Birtaniya, ya ɓata.

Ka yi gaskiya, ba ta yi kama da taswira ba, kuma ba kuskure ba ne. Wanda ya zana ta ya matse duniya daga arewa zuwa kudu, ya ja ta gabas da yamma, har Bahar Rum ya koma kamar siririn rafi. Siffar ƙasa ba ta dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne abin da ke damun madugu: daga wannan zango zuwa na gaba, tafiyar nawa ce? Idan ka matso da idonka za ka ga hanyoyin jan layi ne mai lanƙwasa kamar matakala. Kowace lanƙwasa zango ce, ga suna a kai, ga lamba a gefe. Gari mai ɗan girma an yi masa hasumiya biyu, wurin wankan ruwan zafi kuma gini mai tsakar gida. Rum da Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, da Antakiya ne aka girmama da hoton mai sarauta a kan karaga.

Lambobin nan su ne mabuɗin. Mil ɗin Rumawa kusan mita 1,480 ne, amma a ƙasar Gaul, wato Faransa ta yau da kewayenta, da wani ma'auni ake lissafi mai suna leuga, kusan mita 2,200. Wanda bai lura da wannan ba zai je yana haƙa a gonar da ba komai. Wasu zangunan ma lambar ce sunansu: akwai Ad Decimum kusa da Kartaj a Tunisiya, ma'anarsa "a mil na goma", tamkar yadda muke da Mil Tara a Kano.

Bari in tsaya a kan wuri ɗaya, don a nan aikin ya fi fitowa fili. A bakin kogin Rhine, cikin ƙasar Holan, inda iyakar daular ta arewa take, taswirar ta jera sansanoni ɗaya bayan ɗaya tun daga bakin teku: Lugdunum, Praetorium Agrippinae, Matilo, Albaniana, Nigrum Pullum, Laurium, har zuwa Noviomagus. Na ƙarshen nan ba gardama, shi ne Nijmegen. Albaniana ma sunan bai yi nisa ba, Alphen ake cewa yau. Da an samu wurare biyu tabbatattu, sai a auna tsakani, a je a haƙa. Haka aka daidaita Praetorium Agrippinae da Valkenburg, Matilo da wata unguwa ta Leiden, Nigrum Pullum da Zwammerdam, inda a shekarun 1970 aka tono jiragen ruwa shida na katako a gefen sansanin. Lugdunum kuwa, ana danganta shi da wani kufai da mutanen ƙarni na 16 suka gani a gaɓar Katwijk har suka zana shi, daga baya teku ta cinye.

A wannan jeri kuma akwai darasin taka-tsantsan. Taswirar ta rubuta Fletione, amma rubutun dutse da aka samu a Vechten ya nuna Fectio ne sunan. Mai kwafi ya karanta haruffan ba daidai ba. Idan suna ya gurɓata haka, ina ga lamba, inda XII kan koma VII da ɗan gocewar alƙalami? Shi ya sa ni ba na yarda da ita ita kaɗai. Sai na gwada ta da Jerin Antonine, wanda ba zane ba ne, tsurar sunaye ne da tazara na wajen ƙarni na 3, da duwatsun mil da Rumawa suka kafa a gefen hanya, da abin da ƙasa ta fitar. Akwai ma kofuna huɗu na azurfa da aka samu a Vicarello ta Italiya a 1852, an zana musu zangunan hanya tun daga Cadiz har Rum.

Abin da ya fi kama ni game da ita, kuma nake so ɗalibanka su gane, shi ne ba hoton shekara ɗaya ba ce. Ga garin Pompeii a ciki, alhali dutse mai aman wuta ya binne shi tun shekara ta 79. Ga kuma Kustantiniya, wadda sai a 330 aka ƙaddamar da ita. Ƙudus an rubuta mata cewa da sunanta Hierusalem, yanzu Aelia Capitolina, sannan a Sina'i an sa bayanin hamadar da Bani Isra'ila suka yi shekara 40 suna yawo tare da Annabi Musa (AS). Hannaye da yawa ne suka taɓa ta, zamani bayan zamani. Don haka ganin suna a kai ba hujja ba ce cewa garin yana raye lokacin da aka zana.

Batun ƙasarmu: babu. Afirkar da ke ciki ita ce ta arewa, su Kartaj da Leptis Magna da Iskandariya, kuma ba wata hanya da ta ƙetare Sahara. Rumawa sun ajiye soja a bakin hamadar Libiya, kamar sansanin Bu Njem da aka gina a 201 zamanin Sarki Septimius Severus, da kuma Cydamus, wato Gadamas ɗin nan da fatakenta suka daɗe suna zuwa Kano ƙarnuka da yawa bayan haka. Daga nan zuwa kudu hanya a hannun Garamantawa take, mutanen Fezzan, su ne dillalai tsakanin Rumawa da cikin Afirka.

Idan za ka koyar da ita, buga yanki ɗaya babba, ka shimfiɗa a ƙasa kusa da taswirar zamani, ka ba yara zare da abin awo su bi hanyar Rhine zango-zango.