Katakona mita 2 ne kacal: wane irin layin dogo zan shimfiɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramin jirgin ƙasa na ado, samfurin HO, da taragu takwas. Wurin da nake da shi katako ne a jikin bango, tsawo mita 2, faɗi santimita 40. Ina so jirgin ya riƙa kewayawa, kuma ya shiga masana'anta ɗaukar kaya kamar yadda ake lodin gyaɗa a Kano a da. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumussalam, Malam. Maganar kewaye dai ka haƙura da ita. A HO, inda aka rage komai sau 87, kwanar da aka saba ɗauka a matsayin mafi matsi tana cin kusan santimita 92 daga gefe zuwa gefe, katakonka kuwa ko rabin haka bai kai ba. Ni ban ga asara a nan ba, don jirgin da ke bin wutsiyarsa saurin gundura yake yi. Daɗin abin yana wajen shigar da tarago da fitar da shi.

Akwai tsarin da wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya shahara da shi, ana ce masa Inglenook. Layi ɗaya ne ya rabu uku ta makarkata biyu, wato wuraren da ake karkatar da jirgi daga wani layi zuwa wani: reshe ɗaya na ɗaukar tarago 5, sauran biyun 3 kowanne. Aikinka shi ne ka zaɓi biyar cikin takwas ka jera su yadda ƙuri'a ta faɗa, kuma jerin da zai iya fitowa ya kai 6,720. Taragunka takwas sun yi daidai.

Inda masu farawa ke faɗawa rami shi ne wuyan layin, wato sashen da kan jirgi ke ja da baya kafin ya tura tarago cikin reshe. Dole ya ɗauki kan jirgin da tarago 3. In ya gaza, aiki ya tsaya. In ya yi tsawo da yawa, wasan ya zama ba wuya. Taragon da na gaskensa ƙafa 40 ne, a HO yakan kai santimita 15 har da maƙalansa, don haka wuyan zai ci kamar 65, dogon reshen 75, ragowar na makarkata. Kada ka dogara da lissafina kaɗai: shimfiɗa takarda a kan katakon, ɗora taragunka, ka tura su da hannu kafin ka buga ƙusa ko ɗaya. Tsakanin layi da layi bar santimita 5, ko yatsa ya samu shiga.

Dukkan rassan su fuskanci gefe guda. Da zarar ka juya ɗaya, sai kan jirgi ya buƙaci layin da zai zagaya ya koma bayan taragu, wanda zai cinye maka wuri. Irin wannan zagayen shi ne ginshiƙin Timesaver, tsarin John Allen na Amurka da aka wallafa a 1972, amma ya fi wahala, ka ajiye shi zuwa gaba.

Sai masana'anta. Tambayi kowane reshe me ke shigarsa, me ke fita. Dogon reshen ka ba dalar gyaɗa da sito, na biyu ya zama na kamfanin matse mai, na uku wurin ajiye taragu marasa kaya. Gine-ginen ka yi su rabi, a manne da bango, don kada su tare hannu.

Abu ɗaya kuma: layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, wanda a HO zai zama kusan milimita 12, naka kuwa 16.5 ne. Mai son daidaito sak zai nemi layin 12, amma sai ya canza ƙafafun taragu duka. Da ni ne, da na 16.5 zan fara.